Inna da Wutar Batir

Inna ta zo gidana a Dutsin-Ma da ƙullin kaya guda, kuma ba ta kwance shi ba. Matata ta share mata ɗakin da ke kusa da ƙofar shigowa, ta shimfiɗa sabuwar leda, ta kawo akwati ta ce a zuba kayan a ciki. Inna ta ce a bar su haka nan, ai ba daɗewa za ta yi ba. Ƙullin ya zauna a bayan ƙofa cikin wata tsohuwar atamfa mai ruwan ganye. In tana son ɗankwali sai ta zura hannu ta gefe ta zaro, bakin ƙullin kuwa ko taɓa shi ba ta yi. Duk sanda na shiga gaishe ta, shi nake fara gani kafin in gan ta.

Bayan rasuwar Baba ita kaɗai ta rage a gidanmu na Kurfi. Ƙannena mata suna gidajen aurensu, namijin yana aiki a Kaduna. Ga hawan jini, ga gwiwa da ta fara yi mata gardama. Wata safiya ta zame a bakin rijiya, ta kasa tashi, tana nan zaune a cikin laka har sai da wata maƙwabciya ta leƙo. Da labarin ya iso ni a makarantar da nake koyarwa, ban ƙarasa darasin ba. Na yi roƙo, na yi fushi, na aika ƙannena, duk a banza. Sai da kawunmu, yayanta, ya sa baki, sannan ta yarda ta zo Dutsin-Ma, amma da sharaɗi: in ruwan farko ya sauka za a maida ta, don ba za a yi shuka a gonarta tana wani gari ba. Na karɓi sharaɗin da baki, a zuciyata kuwa na ƙudura cewa Inna ba za ta sake kwana ita kaɗai a gidan nan ba. Tsorona ɗaya ne, kada wata rana ta faɗi a rasa mai leƙowa.

Ni ne ɗan farinta, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na gaishe ta takan amsa tana kallon bango. In tana da magana da ni, matata take faɗa wa, ko da ina tsaye a wurin: a ce wa mai gidan nan kaza. Saboda haka ba ni da hanyar da zan zauna in tambaye ta me zai sa ta ji daɗin zama. Sai dai in yi hasashe, ni kuma mutum ne mai yarda da hasashensa fiye da kima, matata za ta ba da shaida.

Lokacin bazara ne, zafin da ke sa kwano ya riƙa ƙara shi kaɗai da tsakar rana. Gidanmu na Kurfi ginin ƙasa ne mai rufin azara, ko rana ta kai inda ta kai cikin ɗaki da sanyi-sanyi. Nawa kuwa bulo ne da kwano, in babu fanka sai mutum ya ji kamar an kife shi da tukunya. Wutar gari kuma ta shiga halinta na bazara. A kawo ta da hantsi lokacin da kowa ya fita, a ɗauke kafin la'asar, wani lokacin a yi wuni biyu ba a ga ƙyallinta ba. Ina ganin Inna zaune a bakin ƙofarta da mafici, tuwo ma sai ta tsakura ta ture. Na ce wa kaina na gano ciwon, zafi ne da duhu, in na magance su ƙullin nan zai kwance da kansa.

Ina da wani tsohon janareta a bayan gida, amma ranar da na tayar da shi Inna ta ɗaure kai da ɗankwali ta ce a tambayi mai gidan nan ko injin niƙa ya buɗe. Ga hayaƙi, ga man da kullum sai an nemo. Na kashe shi na rufe da buhu. Daga nan na koma tunanin batir da inbata, wato na'urar da ke maida wutar batir irin ta gida, da farantan sola a kan rufi da za su riƙa cika batirin da rana. Ban nemi abin da zai ɗauki gidan gaba ɗaya ba, ƙarfina bai kai nan ba. Abin da nake so shi ne wanda zai riƙe mu tsakanin an ɗauke da an kawo, musamman daga magariba zuwa asuba.

Na ji daɗin wannan shirin, ba zan ɓoye ba. Na bi gidan ɗaki-ɗaki ina duba bayan kowace na'ura in ga nawa take ci. Ƙwan fitila na zamani cinsa kaɗan ne, fanka ta fi shi, caji kuwa kusan ba a lissafa shi in na waya ɗaya ne ko biyu. Matata ta so a sa firij, na ce firij zai shanye batirin kafin isha'i, ta riƙa haɗa ƙanƙara in wutar gari ta zo, a bar shi a rufe. 'Ya'yana mata suka nemi talabijin, na ce su nemi littafi. Duk abin da aikinsa ɗumamawa ne, dutsen guga, da hita, da butar lantarki, na yi musu iyaka, na tara gidan na faɗa da babbar murya har sau biyu. Matata ta ce ko ranar ɗaurin aurenmu ban yi jawabi mai tsawon wannan ba. Da na ce ta tambayo Inna me take so a haɗa mata, amsar da ta dawo ita ce ba komai, Allah ya yi albarka.

Mai haɗa sola ya zo ya ja layi daban, wanda ya ɗauki fitilu da fankar ɗakin Inna da ta ɗakin yara kawai. Batirin muka ɗora a kan benci a ɗan soron da ke gaban ɗakinta, don nan ne iska ke ratsawa kuma rana ba ta dukansa. Ya bar soket ɗaya a jikin bango kusa da ƙofarta, saboda 'yar wayarta da rediyonta. A yammacin ranar aka ɗauke wuta kamar yadda aka saba, unguwa ta yi tsit, fankar Inna kuwa ta ci gaba da juyawa. Na tsaya a tsakar gida ina jin kaina wani babba.

Washegari na tarar ta lulluɓe inbatar da zane, wai kada ƙura ta shiga. Na cire, na ce wa matata ta gaya mata abin numfashi yake yi, in aka rufe shi zai ƙone. Inna ta ce to, ba ta san mai rai ba ne. Sannan ta tambayi matata ko wannan wutar ta gidan nan ce, ba ta masu ɗaukewa ba. Matata ta ce tamu ce, daga rana take zuwa, ba mai iya ɗauke ta. Inna ta ce, to maƙwabta fa? Matata ta yi dariya ta ce kowa da gidansa. Da ta ba ni labari ni ma dariyar na yi, na wuce makaranta.

Cikin 'yan kwanaki Inna ta canza. Ta fara cinye tuwonta, har ta aika a sayo mata goro. Na ji ta tana yi wa jikokinta tsiya cewa ba su iya tankaɗe ba. Wata rana na dawo na tarar ta sa an ɗauko tabarmi biyu an jingine a soron. Na ce wa matata, kin gani ko, fanka ce. Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta ce Allah ya ƙara basira, ta shige madafa. Abu ɗaya ne ya dame ni: batirin da na auna zai kai mu asuba ya koma mutuwa tun ana cin tuwon dare. Na zargi yara da kunna talabijin a ɓoye, suka rantse. Na zargi batirin, na kira wanda ya haɗa na yi masa faɗa a waya, ya ce in duba abin da ake jonawa, na ce na fi shi sanin gidana.

Ranar wata Juma'a aka tashe mu daga makaranta da wuri, na dawo gida tun kafin a fara shirin masallaci. Tun daga ƙofa na ga takalman mata birjik. Na yi sallama na shiga soron, sai ga matan unguwa zaune a kan tabarmi, Inna a tsakiyarsu tana ba da labari, fuskar nan a sake yadda ban gan ta ba tun rasuwar Baba. Daga soket ɗin nan guda ɗaya an ja wayar ƙari, an jona wata a jikinta, an sake jona wata. Wayoyi a jere kamar an baza tumatir a kasuwa, fitilu masu caji, rediyo, har da wata 'yar fanka. A ƙarshen layin kuma matar maƙwabcina ta shimfiɗa bargo tana goge wa mijinta babbar rigar Juma'a da dutsen guga. Ina tsaye a wurin inbatar ta yi wani dogon kuka, fitilarta ta koma ja, komai ya mutu.

Na gaishe su, Allah ya sani da haƙora na gaishe su. Suka tattara kayansu sumui-sumui suka fice, mai gugar ta naɗe rigar, hannunta ɗaya a goge ɗaya a yamutse. Inna ba zan iya yi mata magana ba, don haka na tsaya a tsakar gida na yi wa matata, da muryar da na tabbata ta kai soro. Na ce gidana ba shagon caji ba ne. Na ce na sa abin nan ne don mutum ɗaya, ga shi an mai da shi na unguwa. Matata ta bar ni na gama, sannan ta ce a hankali ita ma ta so ta faɗa mini, amma ta ga tsohuwa ta fara cin abinci. Ranar ba a kawo wutar gari ba, batirin kuma bai farfaɗo ba. Da magariba muka ci tuwo da hasken waya, yara na ta mita saboda zafi. Kwanon Inna ya dawo yadda aka kai shi.

Da safe saƙo ya iso. A ce wa mai gidan nan ya je ya sa a share gidan Kurfi, ranar kasuwa mai zuwa za ta koma, ba sai ruwa ya sauka ba. Na tambayi matata ko ta ƙara da wani abu. Ta ce ta ƙara: wai a gidan ubansa ba a taɓa maida mai kasko hannu wofi ba.

Na san kaskon da take nufi. Muna yara, gidanmu ne gidan wuta a layinmu na Kurfi. In an gama tuwon dare Inna takan tura guntun itace mai ƙwari cikin murhu, ta ɗora busasshen kashin shanu, ta rufe garwashin da toka. Da asuba ta tone, ta hura, wuta ta tashi. Daga nan sai sallama ta fara: matan maƙwabta da 'yan kaskonsu, a ɗebo wuta. Kowacce Inna za ta zuba mata garwashi, a gaisa, a ji wa ya kwana da zazzaɓi, wa ta haihu, akuyar wa ta ɓata. Tana da nata kaskon, baƙi ƙirin, mai ɗan tsagu a baki, wanda take ara wa wadda ta zo ba ta da shi. Ban manta da wannan ba ko kaɗan. Kawai dai ni a kaina wutar murhu daban, ta lantarki daban, ko da yake suna ɗaya muke kiransu. A wurin Inna kuwa wuta wuta ce, gidan da ke da ita shi ke bayarwa, kuma ɗiba ba ta rage ta.

Na hau babur na tafi Kurfi kamar yadda aka umarce ni. Gidan na nan, ganyen darbejiya ya cika tsakar gida, murhun ya yi sanyi har gizo-gizo ya yi saƙa a tsakanin duwatsun. Kaskon na kife a gefe. Ina cikin shara maƙwabciyar nan da ta tsinci Inna a bakin rijiya ta shigo, tsohuwa ce ita ma, muna ce mata Gwaggo. Ta tambayi jikin Inna, na ce da sauƙi, tana ma shirin dawowa. Ban ga ta yi murnar da na zata ba. Ta ce su dai suna kewarta, amma gidan nan ya yi wa mai ciwon gwiwa girma, kuma yawancin waɗanda suke zuwa ɗibar wuta sun mutu ko sun bi 'ya'yansu birni. Na ce ashe har kwanan nan ana zuwa, ga ashana ko'ina? Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Malam, ashana ta daɗe a garin ga. Mu dai zuwa mukai." Na gama sharar, na kulle gidan, na bar kaskon a inda yake.

A hanyar dawowa ina ta saƙawa da kwancewa. Lissafina dai daidai ne, har yau ban janye ba: batirin nan ba zai ɗauki unguwa ba, dutsen guga kuma zai kashe shi murus wata rana. Amma in na kulle soket ɗin, na san ranar kasuwa zan ɗauko mota. Sai da na kusa shiga Dutsin-Ma, rana na dukan ƙeyata, na tuna wani abu da na sani tun ranar da aka haɗa kayan, ban dai ba shi muhimmanci ba. In gari ya yi rana sosai, batirin kan cika tun kafin azahar, abin da farantan ke tarawa bayan nan ba shi da wurin zuwa, a banza yake tafiya.

Da la'asar na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗauko 'yar kujera na zauna a bakin ƙofar Inna, na kira matata ta zauna a tsakani, don a samu wanda za a riƙa yi wa maganar. Na ce a gaya wa Inna wutar batir ba irin ta murhu ba ce, ta fi kama da ruwan randa. Rana ce ke cika ta, kowa ya ɗiba sai ta ragu, dutsen guga kuwa kamar mutum ya zo da bokiti ne zai yi wanka. Abin da aka ɗiba da rana shi ne fankar yara ta rasa da dare.

Inna ta ce, tana kallon bango, "Wace irin wuta ce wagga, a ɗiba ta rage?" Matata ta ce haka take, Inna. Sai na ga ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Ta ce ita ba ta sani ba, da ta san iskar jikokinta take rabarwa da ba ta fara ba. Ta ce wannan ma ya isa dalilin da za a maishe ta gida, tsohuwa ta zo gidan mutane tana ɓarna. Tausayinta ya kama ni. Na fi son faɗanta da wannan kunyar.

Na yi sauri na ce a gaya mata ban gama ba. Daga hantsi zuwa la'asar randar a cike take har tana zuba, duk wanda ya ɗibi na waya ko na fitila a lokacin bai rage wa kowa komai ba. Matsalar daga la'asar ne, in rana ta yi sanyi, sai kuma abubuwa masu zafi.

Ta ɗago kai. Ba ta dube ni ba, amma ta dubi wajen da nake.

"To shi mai gidan nan, wa ya hwaɗa mashi da dare aka ɗibar wuta?" in ji ta. "Da sahe aka zuwa. In an gama abin da za a yi sai a ruhe ta da toka, kowa shi kwana da tashi. Ai sai a ce mani ga lokacin ruhewa."

Matata ta toshe baki tana dariya. Ni kuwa na ce a gaya wa Inna lokacin rufewa kiran sallar la'asar ne.

Na sake kiran mai haɗa sola, ya sa wa soket ɗin makunni nasa na kansa a daidai inda hannunta zai kai daga zaune, ya kuma sa wani ɗan abu da ke yanke layin da kansa in aka jona abin da ya fi ƙarfinsa. Ya kawo wayar ƙari mai kauri guda ɗaya, muka zubar da tarkacen da ake jonawa a jikin juna. 'Yata babba ta nuna wa Inna fitilun inbata, kore randa ta cika, ruwan ɗorawa a yi hankali, ja a tsaya. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, ba a aiko in nemo mota ba, ni ma ban tambaya ba. Matata ce ta bi gidajen maƙwabta ta ce Inna na gaishe su, tana tambaya ko lafiya ta ji su shiru.

Wanda duk ya ce ni mai tsanani ne bai ga Inna a kan aikinta ba. Duk abin da aka kawo sai ta juya shi ta tambaya ko yana ɗumi. In an ce yana yi, ta ce a kai shi murhu. Mai gugar nan ta koma dutsen gawayi, kuma ta zama ta fi kowa zama a soron. Wata ta zo da butar lantarki a ɓoye cikin hijabi, Inna ta gano ta, aka yi ta yi mata tsiya har mako ya zagayo. In ladan ya kira la'asar kuwa, ko wayar wa ke kai, sai ta miƙa hannu ta danna makunnin ta ce ta rufe da toka. Maganar ta bi gidan, har yau in za a kashe wani abu a gidana haka ake cewa. Batirin ya koma kai mu asuba. Ƙullin kaya dai yana nan a bayan ƙofa, ina ganinsa kowace safiya.

Ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi, wata yamma bayan la'asar. Ta kayar da turakun wuta a bakin hanya, gari ya shiga duhu na kwanaki. Gajimare ya rufe rana, fitilar inbata ta ƙi barin ruwan ɗorawa. Na zaci Inna za ta rufe soket ɗin gaba ɗaya, sai na ga ta shiga rabo. Ta kashe fankarta da kanta, ta ce ai gari ya yi sanyi. Ta sa wayar wata mata da 'yarta ke kan gwiwa a gaba da ta kowa, sai ta wani dattijo da ɗansa direba ne yana hanya, sauran ta ce su yi haƙuri sai rana ta fito. Ba wadda ta yi musu da ita. Ni kuwa hankalina ba a kan batir yake ba. Ƙasa ta jiƙa, ina ganin mutane suna fita da sungumi, na san a Kurfi ma an fara shuka. Kullum na dawo daga makaranta sai in dubi fuskar matata in ga ko akwai saƙo.

Saƙon ya zo ranar da rana ta sake fitowa. A ce wa mai gidan nan ya je Kurfi, ya gaya wa kawu ya sa 'ya'yansa su shuka gonar, gero da wake kamar kullum. Ya ba Gwaggo mabuɗin gida. Ya ɗauko turminta, don na gidan nan ba ya daka yadda take so, ya kuma ɗauko kaskon da ke kife a gefen murhu. Na tambayi matata ko ta ce wani abu game da komawa. Ta ce ita ma ta tambaya, Inna ta ce ta koma ta bar wa wa wutar.

Na je na ɗauko su, turmin a ɗaure a bayan babur, kaskon a cikin jakata na naɗe shi da rawani don kada tsagun ya ƙaru. Washegari da hantsi, ranar ba makaranta, na zo wucewa ta soron. Mata uku na zaune, Inna na tsakiya. An wanke kaskon an ajiye shi a ƙarƙashin soket, cajoji a cikinsa, duk wadda ta zo ba ta da nata sai ta ɗauka. Wayoyin kuma an jera su a kan wata atamfa mai ruwan ganye da aka ninke aka shimfiɗa a ƙasa. Na san atamfar. Na leƙa bayan ƙofar ɗakin, ba komai a wurin sai tsintsiya.

Ban san na daɗe a tsaye ba. Farin ciki ne ya riƙe ni, irin wanda ke sa babban mutum ya rasa inda zai sa idonsa. Inna ta gyara zaman wata waya a kan atamfar, ta ce wa bango, "A ce ma mai gidan nan shi matsa daga bakin ƙohwa, yana tare ma mutane hanya."

Na matsa, wata mata ta shigo da fitilarta a hannu.